Motar zango

Motar zango mota ce ta ɗaukar kaya ko fasinja da aka gyara cikinta domin mutum ya kwana, ya yi girki, ya kuma adana kayansa a lokacin tafiya. Turawan Ingila suna kiranta campervan, Jamusawa kuma suna sa ta cikin rukunin motocin da suke kira Wohnmobil. Ta bambanta da tirelar kwana da ake ja a bayan wata mota, domin ita injinta da ɗakinta a jiki ɗaya suke. Akwai waɗanda kamfanoni suke ƙerawa a shirye, akwai kuma waɗanda masu su suke gyarawa da hannunsu. A wajen gyaran, wutar lantarki da hanyar shige da ficen iska su ne suka fi buƙatar lura, domin kuskure a cikinsu yakan jawo gobara ko shaƙar iska mai guba.

Tarihi

Al'adar ta yi ƙarfi ne a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1950 kamfanin Volkswagen ya fito da ƙaramar bas ɗinsa mai suna Type 2. A 1951 kamfanin Westfalia na garin Wiedenbrück a Jamus ya fara haɗa mata wani akwatin kayan zango da ake iya sawa a cire, wanda ya ƙunshi wurin kwana da ma'ajiyar kaya. A Ingila kuma kamfanin Martin Walter na garin Folkestone ya yi suna da motocin Dormobile a shekarun 1950, waɗanda ya fi ginawa a kan motar Bedford CA. A shekarun 1960 bas ɗin Volkswagen ta zama abin hawan matasa masu yawon duniya a Amurka da Turai.

A ƙarni na 21 al'adar ta sake farfaɗowa. A 2011 wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Foster Huntington, ya yaɗa alamar vanlife a Instagram bayan ya bar aikinsa a New York ya koma zama a mota. Saukin farashin faifan sola da batirin litiyam, da yaɗuwar aiki ta intanet, sun ƙara yawan masu wannan rayuwa. Sai dai ba kowa ne ke shigarta don nishaɗi ba. Littafin Nomadland na 'yar jarida Jessica Bruder, wanda ya fito a 2017, ya ba da labarin tsofaffin Amurkawa da tsadar rayuwa ta sa suka koma kwana a mota suna bin ayyukan wucin gadi. Fim ɗin da Chloé Zhao ta shirya daga littafin ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim a 2021.

Zaɓen mota da matakan aiki

Motocin da aka fi gyarawa sun haɗa da Ford Transit da ta fara fitowa a 1965, da Toyota HiAce ta 1967, da Fiat Ducato ta 1981, da Mercedes-Benz Sprinter ta 1995. HiAce, wadda aka sani a Najeriya a matsayin bas ɗin haya, tana cikin waɗanda aka fi mayarwa motar zango a Japan da Ostareliya da New Zealand. Ana son Ducato saboda faɗinta, domin ana iya gitta gado daga bango zuwa bango. Mota mai dogon rufi tana ba mutum damar tsayawa a miƙe, amma ta fi shan mai, kuma ba ta shiga wasu wuraren ajiye motoci.

Aikin yana da tsari, domin abin da aka rufe da katako yana da wuyar komawa. Akan fara da kwashe kayan ciki da kankare tsatsa. Daga nan sai a yanka ramukan tagogi da na fanka a jikin ƙarfe, a shafa wa bakin yankan fenti mai hana tsatsa. Sai a ja wayoyin wuta, a shimfiɗa abin tare zafi da sanyi, a rufe bango da daɓe da filawud. Gado da kabad da wurin girki su ne na ƙarshe, kuma dole a ɗaure su da jikin motar, saboda kabad ɗin da ba a ɗaure ba yakan zama makami idan aka taka birki da ƙarfi.

Wutar lantarki

Motar zango tana da batir iri biyu. Na farko shi ne na tayar da inji, na biyu kuma na zaman ɗaki, wanda ke ba fitilu da firji da fanka wuta. Ana raba su ne don kada a wayi gari batirin inji ya mutu a daji. Yawancin kayan ciki suna aiki da wutar batir mai ƙarfin bolt 12.

Batirin ɗaki ya kasu gida biyu. Batirin dalma, har da nau'insa na AGM, yana da araha amma yana da nauyi, kuma idan ana shanye fiye da rabin cajinsa ba ya daɗewa. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 ya fi tsada, amma nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cajinsa, kuma yana jure caji sau dubbai. Rauninsa shi ne yana lalacewa idan aka yi masa caji a sanyin da ya yi ƙasa da digiri sifili. Saboda haka yana zuwa da wata na'ura a cikinsa da ke yanke wuta idan sanyi ko zafi ko caji ya wuce kima.

Ana cika batirin ta hanyoyi uku:

Faifan sola da ake kafawa a rufi, wanda wutarsa ke bi ta na'urar daidaita caji. Na'urar nau'in MPPT ta fi ta PWM tatso wuta daga faifan.

Altanetar motar a lokacin tafiya. A tsofaffin motoci makunni mai haɗa batiran biyu idan inji ya tashi ya wadatar. Sababbin motoci kuwa altanetarsu tana rage ƙarfin wuta don tsimin mai, shi ya sa ake sa caja ta musamman tsakanin batiran, wadda kuma take hana batirin litiyam zuƙar wutar da za ta ƙona altaneta.

Wutar gari a sansanonin zango, mai ƙarfin bolt 230 a Turai da 120 a Amurka. Wannan layin yana buƙatar makunni mai yanke wuta nan take idan ta zurara zuwa jikin mota ko jikin mutum.

Girman batir da sola ya dogara ne da lissafin abin da ake ci a yini. Ana ninka wat ɗin kowace na'ura da awannin da take aiki. Misali, firji mai wat 45 da injinsa ke juyawa awa 8 a yini yana cin 360. Fanka mai wat 20 a awa 8 tana cin 160, kwamfuta mai wat 60 a awa 3 tana cin 180, fitilu masu wat 10 a awa 5 suna cin 50, cajin waya da famfon ruwa kuma a ƙiyasta musu 50. Jimilla ta kama wat-awa 800. Idan aka raba da bolt 12, za a samu kusan amfiya-awa 67. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 ba zai kai yini ba tun da 50 kawai ake iya ɗiba, amma na litiyam mai girma ɗaya zai kai. A ɓangaren sola, faifai mai wat 300 da ya sami rana mai ƙarfi ta awa 4 zai ba da kusan 900 bayan an cire rubu'in da ke salwanta a hanya. A hunturun arewacin Turai abin da ake samu yana raguwa ƙwarai, sai a dogara da altaneta.

Kayan gida masu buƙatar wutar soket suna aiki ne ta inbata, wadda ke juya wutar batir zuwa irin ta gida. A nan ne kaurin waya yake da muhimmanci. Na'ura mai wat 1,000 tana jan kusan amfiya 4 a layin bolt 230, amma a ɓangaren bolt 12 tana jan fiye da 83. Siririyar waya a wannan layi takan yi zafi har ta narke. Don haka ake sa waya mai kauri kuma gajera tsakanin batir da inbata, a sa fiyus kusa da kan batir, kowane layi kuma da nasa fiyus ɗin. Aikin fiyus kare waya ne, saboda haka ana zaɓensa daidai da abin da wayar za ta iya ɗauka. Ana amfani da waya mai silili da yawa, domin mai sili ɗaya irin ta gini takan karye saboda girgizar hanya. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe ana sa mata zoben roba don kada ƙarfen ya yanke ta.

Shige da ficen iska

Mota akwatin ƙarfe ce ƙarama, kuma danshi yana taruwa a cikinta da sauri. Numfashin masu barci, da tururin girki, da jiƙaƙƙun tufafi duk suna zuba ruwa a iska. Ƙona gas ma yana ƙarawa, domin kilo ɗaya na gas ɗin furofen yana fitar da kusan kilo 1.6 na tururin ruwa. Idan wannan iska mai ɗumi ta taɓa ƙarfe ko gilashi mai sanyi sai ta zama raɓa. Raɓar da ta maƙale a bayan katako ita ke kawo tsatsa da funfuna da warin ruma. Abin tare sanyi, kamar allon PIR ko ulun tumaki ko soso mai toshe ruwa, yana rage matsalar amma ba ya kawar da ita sai da iska mai gudana.

Hanyar da aka fi bi ita ce kafa fanka a rufi. Ramin da ake yanka mata inci 14 ne a kowane gefe a Amurka, a Turai kuma santimita 40. Kamfanoni irin su MaxxAir da Fiamma suna yin fankar da ke iya zuƙo iska ko fitar da ita, wasu da murfin da ke ba da damar aiki ko ana ruwan sama. Fanka ita kaɗai ba ta wadatarwa, sai an bar wa iska mashiga. Shi ya sa ake buɗe taga ko ƙaramar kafa a can nesa da fankar, kuma a ƙasa-ƙasa, don iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. A ƙasashe masu zafi, farin fenti da labule mai mayar da hasken rana da ajiye mota a inuwa suna taimakawa, domin na'urar sanyaya ɗaki tana shanye batir cikin 'yan awanni.

Gas da ɗumama ɗaki

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka idan ya zurara ƙasa yake kwantawa. Ana ajiye tukunyarsa a akwati rufaffe mai rami a ƙasansa da ya fita waje. Batirin dalma na ruwa shi ma yana fitar da iskar haidurojin a lokacin caji, wadda ke kama wuta, saboda haka yana buƙatar bututun da zai kai ta waje.

Haɗari mafi girma shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mutum a cikin barci. Tana fitowa ne idan gas ko gawayi ko mai ya ƙone a wurin da iska ba ta isa. Kunna murhun girki don jin ɗumi, ko shigo da gawayin da bai gama mutuwa ba, ya sha hallaka masu zango. Na'urorin ɗumama ɗaki masu amfani da dizal, irin na kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus, suna ƙona mai a rufaffen ɗaki, suna ɗaukar iskar ƙonawa daga waje su mayar da hayaƙin waje. Duk da haka ana sa na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksaid, da ta hayaƙi, da abin kashe gobara.

Dokoki

A Tarayyar Turai da Birtaniya lasisin tuƙi na rukunin B ya tsaya ne a kan mota mai nauyin kilo 3,500 tare da kayanta. Katako da batir da ruwa suna cin wannan nauyi da sauri, tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, shi ya sa ake auna motar a sikeli bayan an gama aiki. Turai tana da ƙa'idoji na musamman: EN 1949 don haɗa gas, EN 721 don kafofin iska, EN 1648 don wutar bolt 12. A Jamus hukumomin gwajin motoci irin su TÜV ne ke duba motar kafin a sauya mata rajista. A Faransa ana yi mata rajista a rukunin VASP, a Birtaniya kuma hukumar DVLA ce ke kula da sauya bayanin mota. Kamfanonin inshora suna buƙatar a sanar da su gyaran da aka yi, in ba haka ba suna iya ƙin biyan diyya.

Wurin kwana ma yana da doka, kuma ta bambanta daga gari zuwa gari. Birane da yawa a Turai da Amurka sun hana kwana a mota a bakin titi. A New Zealand dokar zango ta 2011 ta ba ƙananan hukumomi ikon kayyade wuraren, gyaran da aka yi mata a 2023 kuma ya wajabta kafaffen banɗaki kafin mota ta sami takardar shaidar da ke ba ta damar kwana a filayen gwamnati da dama.