Gobarar motocin daji a ƙasar Adar: wutar da ake bar wa ƙaddara

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Azarori, ko daga Buza zuwa Keita da Tamaske, ya san cewa da zarar an sauka daga babbar hanya, sarauta ta koma hannun motar da ake kira kat-kat, wato wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. Ita ke kai ɗan kasuwa cin kasuwar ƙauye, ita ke fito da albasa daga fadamun Tarka da Magiya zuwa inda manyan motoci ke jira, ita ce kuma ke ɗaukar malamin gona da na dabbobi da likita zuwa rangadi. Tun daga 1984, lokacin da aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da kulawar hukumar FAO, aka tsaga hanyoyi cikin duwatsu da ƙoramu, jama'ar yankin suka saba da ganin Land Cruiser da Hilux a wuraren da dā sai jaki da raƙumi ke kai wa.

To amma wannan mota mai jimirin wahala tana da ajali guda wanda ba ya jin magani, shi ne gobara. Motar da ta faɗa ƙorama ana jawo ta, wadda injinta ya buga ana sauke shi a gyara, wadda ta ƙone kuwa sai dai a sayar wa maƙera ƙarfenta. In ka tambayi yadda aka yi, amsar da aka fi bayarwa ita ce wuta ta tashi haka kawai. Alhali mota ba ta kamawa haka kawai. Kafin harshen wuta ya fito, an daɗe da tara mata abin da za ta ci, a gareji, ko a wurin lodi, ko a kan hanya.

Ciyawar da ke maƙalewa a ƙarƙashi

Mu fara da abin da direban birni bai sani ba. Bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa gaba, ƙarangiya da gamba da karan hatsi duk sun bushe ƙayau. Motar da ke ratsa daji tana aske su da cikinta, su taru tsakanin bututun hayaƙi da farantin ƙarfen da aka ɗaura domin kare inji daga duwatsu. Busasshiyar ciyawa tana iya kamawa a zafin da bai wuce digiri 300 ko kusa da haka ba, bututun hayaƙi kuwa, daga inda ya fito inji, yana wuce digiri 500 in mota na ja cikin rairayi da kaya a bayanta. Muddin ana gudu, iska na rage zafin. Hatsarin yana zuwa sa'ad da aka tsaya, musamman in direba ya nemi inuwa ya ajiye motar a kan ciyawa, fasinjoji suka sauka salla ko shan ruwa.

Sababbin motoci sun fi tsofaffi wannan matsala, domin an ƙara musu tukunyar tace hayaƙi a ƙarƙashi. Ta motocin gazuwal tana ƙone toka da kanta lokaci-lokaci, a zafin da ya kai wajen digiri 600, ba tare da direba ya sani ba. A ƙarshen 2017 kamfanin Ford ya kira motocinsa ƙirar Ranger kusan 59,000 a ƙasar Ostireliya su koma gareji, saboda an gano ciyawa na taruwa kusa da wannan tukunya tana kama wuta. Dajin da ya sa aka yi wannan kira bai fi namu bushewa ba. Kuma wutar da ta tashi ta wannan hanya ba ta tsayawa ga mota: tana bin iskar hunturu ta cinye makiyaya, a jahar Tawa inda kiwon shekara guda ya dogara ga ciyawar wata uku.

Maganin abin ba ya cin ko dala. Direba ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motar duk lokacin da aka fito daga ciyawa, ya zaƙulo abin da ya maƙale da ƙugiyar waya, ya kuma nemi faƙo ko tsakuwa in zai tsaya.

Wayoyin da aka ɗaure da leda

Inda aka fi yin sakaci shi ne lantarkin mota. Batirin nan mai bolt 12 da ake rainawa, in wayarsa ta gogu ta taɓa jikin ƙarfe, yana sakin ƙarfin da zai mai da wayar ja wur cikin ƴan daƙiƙoƙi, robar da ke rufe da ita ta narke ta kama. Domin haka masu ƙera mota suka sa fuzibil, ɗan ƙarfen nan da aka yi musamman domin ya ƙone kafin waya ta ƙone. To me ake gani a garejojinmu? Fuzibil ya ƙone, maimakon a bi waya a gano dalili, sai a naɗa masa zaren tagulla ko takardar gwangwanin sigari, a ce an gyara. Mai mota ya biya kaɗan ya tafi yana murna, bai san an kore masa mai gadi ba.

A kan wannan kuma sai a ƙara kayan da motar ba ta zo da su ba: manyan fitilu a kan rufi, rediyo da lasifika, oda mai kukan jirgi, wurin cajin wayoyin fasinja, kowanne da wayarsa da aka jawo kai tsaye daga batiri aka bi da ita ta cikin hujin ƙarfe mai kaifi. Hanyoyin Adar masu tsakuwa da gargada suna girgiza mota daga safe har dare. Wayar da za ta shekara goma lafiya a titin Yamai, a nan wata shida ya ishe ta ta gogu. Haka batirin da aka ɗaure da igiyar roba: rami ɗaya ya isa ya ɗaga shi kawunansa su taɓa kapo, wato murfin inji. Gobarar da ke tashi da dare, mota na ajiye a gida babu kowa a ciki, wadda ake saurin jinginawa ga maƙiya, mafi yawan lokaci daga waɗannan wayoyi take, domin batiri ba ya barci don an cire makulli.

Gaskiya ne tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 masu motoci suka koma ga tsofaffin kayan gyara da na jabu, kuma ba a zargin mutum don ya nemi sauƙi. Sai dai akwai wurin da araha ba ta ado. Fuzibil na cikin abubuwa mafi arha a jikin mota.

Jarka a bayan fasinja

Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a Nuwamban 2011, amma gidajen mai suna manyan garuruwa ne, saboda haka mai shiga daji dole ya yi guzuri. Nan ne jarkokin roba ke shigowa, a jera su a bayan mota tare da buhunan harawa da tabarmi da fasinjoji, wani lokaci murfin ma leda ce aka ɗaure da tsumma. Esansi, wato fetur, tururinsa ne ke kamawa, kuma yana fitar da shi ko da cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a bazarar Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan mota yana jiran guntun sigari ko tartsatsin waya. Mutanen Nijar ba su manta daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru kwasa, ta fashe, mutane aƙalla 55 suka rasu nan take.

Masu motocin gazuwal suna da wani kwanciyar hankali da bai dace ba, wai nasu man ba ya kamawa. Lalle gazuwal sai ya ɗauki zafin da ya wuce digiri 55 kafin tururinsa ya kama da tartsatsi. Amma in tiyo ya tsage ya fesa shi a kan bututun hayaƙi mai zafi, ba ya bukatar tartsatsi, da kansa yake tashi. Haka man birki da man sitiyari da baƙin man da ya yi shekaru yana tsiyaya ya haɗu da ƙura ya zama danƙo a jikin inji. In kuma an sayi mai a bakin hanya wurin ƴan ruwa-ruwa aka samu an gauraya shi da esansi, ko kaɗan ne, gazuwal ɗin ya rasa wannan kariya tasa.

Akwai kuma birkin da ya riƙe, da ƙafar da ta rasa giris, a gangaren duwatsun Buza da Keita da lodin da ya wuce kima. Taya in ta kama, kashe ta sai an sha wuya.

Minti biyu na farko

A dajin Azarori ko Ibohaman, kiran lamba 18 ba ya ceton mota, domin kafin ƴan kashe gobara su taso daga babban gari ta riga ta zama toka. Abin da direba da yaron mota suka yi a minti ɗaya ko biyu na farko shi ke raba gardama. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗage kapo gaba ɗaya domin a ga abin da ke ci, sai wutar ta samu iska ta yi sama. Na biyu watsa ruwa a kan mai, wanda ke ɗaukar wutar ya yaɗa ta. Abin da ya kamata: a tsaya nesa da ciyawa, a kashe inji, a fara sauke mutane su yi nisa, sannan a buɗe kapo kaɗan a fesa ta tsagar, a bi da rairayi, a cire kan batiri in hannu zai kai. Shi ya sa shebur da makullin kwance batiri suka cancanci zama kusa da direba. In wuta ta kai ga tanki ko jarkoki, babu kayan da suka kai a koma dominsu.

Ita kuwa tukunyar kashe gobara, a motoci da yawa an saye ta ne domin a nuna a shingen bincike. Ƙaramar nan mai kilo 2 ba ta wuce daƙiƙa goma ko kusa da haka tana feshi, kuma girgizar hanya tana danne garin da ke ciki ya dunƙule. Sai an riƙa juya ta ana kaɗawa, ana duba allurarta. Wadda aka binne ƙarƙashin buhu ashirin na albasa, da ita da babu duk ɗaya.

Bayan toka ta huce

Mai mota musulmi yana cewa Allah ya ƙaddara, ƴan uwa su zo jaje, abokan kasuwa su yi karo-karo. Wannan hali ne mai kyau, kuma shi ya tayar da mutane da yawa. Abin da ke biyo baya ne ke da gyara: a kori direba, a yi zargin hassada, a sayi wata motar a kai ta garejin nan dai a ja mata wayoyi irin na farko.

Sai batun asiransi, wato inshora, inda ƴan kasuwa da dama ke shan mamaki. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, wadda dokarta ta fara aiki a Fabrairun 1995. Takardar da dokar ta wajabta wa kowane mai mota tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wasu ne, har da wadda gobararta ta jawo musu. Ba ta biyan motar kanta, ba ta kuma biyan hajar da aka ɗauko. Wanda ke son a biya shi in motarsa ta ƙone, sai ya sayi lamunin gobara daban, ya kuma karanta sharuɗɗansa da kyau, musamman abin da aka rubuta game da ɗaukar mai a jarka da kayan lantarkin da aka ƙara. Dole ne ya sanar da kamfanin cikin wa'adin da ke rubuce a takardarsa, wanda doka ta ce ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, ya kuma nemi jandarmomi su rubuta abin da suka gani tun kafin a janye gawar motar. Ma'aikatan gwamnati su lura cewa wannan wajibci bai hau kan gwamnati ba. Motar ma'aikata in ta ƙone, baitulmali ne zai sayi wata, kuma kafin a saya, rangadin rigakafi da na duba gonaki sun tsaya.

A Amurka, a Afrilun 2016, kamfanin Polaris ya janye ƙananan motocin daji ƙirar RZR har 133,000, bayan an tattara rahoton gobara fiye da 160 da mutuwar wata yarinya ƴar shekara 15, kuma a 2018 aka ci shi tarar dala miliyan 27.25 saboda jinkirin sanar da hukuma. Abin lura a nan shi ne an gano laifin ne domin masu motocin sun kai rahoto, wani ofishi kuma ya lissafa. A wurinmu kowa yana binne tasa asarar shi kaɗai. Ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Madawa da Buza da Keita suna da littafin da suke rubuta layin lodi da kuɗin tasha. Shafi ɗaya a cikinsa ya isa a rubuta irin motar da ta ƙone, da watan da abin ya faru, da wurin da hayaƙi ya fara fitowa, da gyaran ƙarshe da aka yi mata.