Asalin Sunan Banjo da Zumuncinsa da Gurmi da Molo

Banjo abin kiɗa ne mai tsirkiya huɗu ko biyar, mai dogon wuya da kewayayyen ciki da aka rufe da fata kamar ganga, wanda a yau akasarin mutane ke danganta shi da kiɗan Turawan karkara na kudancin ƙasar Amurka, alhali bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙirƙiro shi a tsibiran Karibiyan a ƙarni na 17. Duk wanda ya tashi a Batagarawa ko ƙauyukanta irin su Ajiwa da Bakiyawa, inda garaya ke tashe a taron mafarauta, gurmi kuma ba baƙo ba ne a wurin biki, ba zai sha wahalar gane dangin wannan abu ba, domin ƙirarsu guda ce: ƙoƙo, da fata, da sanda, da tsirkiya. Sunan ne ya gagari masana, har ya zamana harsuna da dama, daga gaɓar Gambiya zuwa Angola da Fotugal, kowanne yana da masu cewa daga gare shi kalmar ta fito.

Tushen rikicin shi ne waɗanda suka ƙera abin ba su ne suka rubuta sunansa ba. Turawa matafiya da masu gandu ne suka rubuta, kowa yadda kunnensa ya jiyo masa da kuma yadda ƙa'idar rubutun harshensa ta ba shi dama. Hans Sloane, likitan da ya zauna a Jamaika daga 1687 zuwa 1689, ya fitar da zanen abin a littafinsa na 1707, ya kuma kira shi strum strump, wanda kwaikwayon amonsa ne kawai. Wata jarida a birnin New York ta rubuta banger a 1736, Thomas Jefferson kuwa, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, ya rubuta banjar a littafinsa kan jihar Virginia, inda ya ce baƙaƙen fata ne suka zo da shi daga Afirka. A Suriname sunansa bania, kuma wanda John Gabriel Stedman ya samo a can a shekarun 1770 yana ajiye a gidan tarihi na Leiden a ƙasar Holan, yayin da a yankunan da Faransa ta mallaka ake ce masa banza, kamar wanda Victor Schoelcher ya ɗauko daga Haiti a 1841, wanda yanzu yake Faris. Dena Epstein, wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, ita ce ta tattara irin waɗannan ambato a nazarin da ta buga a 1975, wanda ya ƙarfafa hujjar cewa baƙar fata ne mafarin banjo.

Ra'ayin da ya fi daɗewa a ƙamusoshin Ingilishi shi ne cewa bayi ne suka karya kalmar bandore, sunan wani abin kiɗa na Turai mai tsirkiya, wanda Sifaniyawa ke da ɗan'uwansa bandurria, dukkansu kuma sun gangaro daga pandoura ta tsohon harshen Girka. Wannan ra'ayi yana da abin dogaro, tun da 'yan Fotugal sun fara zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma tun ƙarni na 15, amma kuma ya dace ƙwarai da son zuciyar zamanin da aka yi shi, lokacin da ba a son a yarda cewa bawa ya zo da wani abu nasa. Ra'ayi na biyu ya kai kalmar ga mbanza ta harshen Kimbundu na Angola, sunan wani abin kiɗa mai tsirkiya, kuma ƙarfinsa yana ga yawan mutanen yankin Kongo da Angola da aka kai Haiti, inda lafazin banza ya kafu. Na uku kuwa ya fito daga Gambiya, inda Daniel Jatta, mai bincike ɗan ƙabilar Jola, ya nuna wa masana banjo na Amurka a shekarar 2000 wani abin kiɗa na mutanensa mai suna akonting, mai ƙwarya da tsirkiya uku, ɗaya gajera da ake taɓawa da babban yatsa, daidai da gajerar tsirkiyar banjo. Ya danganta sunan da bangoe, kalmar Mandinka ta karan da ake yin wuyan abin da shi.

Bahaushe da ya ji an ce a Haiti sunan abin banza ne ba zai rasa yin murmushi ba, sai dai kamar lafazi ce kurum, babu wata shaida da ta haɗa wannan da banzar Hausa, kamar yadda sunan Banjo da Yarabawa ke amsawa, wanda gajarta Adebanjo ne da makamantansa, ba shi da alaƙa da abin kiɗan. Masana ilimin harshe ba sa karɓar kamar sauti a matsayin hujja sai an nuna hanyar da kalma ta bi da mutanen da suka ɗauke ta, kuma wannan sharaɗi ne ya hana ko ɗaya daga cikin ra'ayoyin uku yin cikakken rinjaye. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a gandun rake da ya tara Bajola da Bamandinke da mutumin Angola ƙarƙashin ubangida mai jin Faransanci ko Ingilishi, sunan da ya yi kama da abin da kowa ya sani a gida shi ne zai fi saurin zama, ta yadda kalmar za ta iya samun iyaye fiye da ɗaya.

Ƙasar Hausa ita kanta shaida ce cewa suna da abin kiɗa ba koyaushe suke tafiya tare ba. Molo a wurin Hausawa yana da tsirkiya uku da ciki na sassaƙaƙƙen itace, Zabarmawa da Fulani su ma suna da kalmar, amma a Senegal abin da ake kira molo tsirkiyarsa ɗaya ce a kan ƙwarya. Garaya, mai tsirkiya biyu, tana da babbarta da ake kira komo, kuma ita ce Anthony King ya tarar tana jan ragamar kirarin bori a nazarin da ya yi a Katsina, kafin shi da David Ames su fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi har rasuwarsa a 2015 tsirkiya ɗaya gare shi, cikinsa kuma sau da yawa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, wanda ke nuna yadda maƙeri ke sauya kayan aiki da abin da ya samu ba tare da sunan ya motsa ba. Akwai kuma masu ganin dangantaka tsakanin sunan gurmi da gumbri na Tunisiya da gimbri na Gnawa a Maroko, al'ummomin da kakanninsu suka ƙetare Sahara daga kudu.

A cikin waɗannan duka gurmi, wanda Haruna Uji ya yi suna da shi, shi ne mafi kusa da banjo na farko a ƙira, saboda cikinsa ƙwarya ce, sandarsa kuma tana ratsa ta har ta ɓullo ta ɗaya gefen, saɓanin molo da sandarsa ke tsayawa a ƙarƙashin fata. Bambancin da ya rage shi ne wuyan gurmi kewayayye ne kuma ɗaure tsirkiya ake yi a jikinsa, shi kuwa banjo tun zanen Sloane wuyansa shimfiɗaɗɗe ne, yana da 'yan turakun murɗa tsirkiya irin na jita, abin da ke tabbatar da cewa a Karibiyan aka haɗa hikimar Afirka da ta Turai. Ba daidai ba ne kuma a ce gurmi ne ya haifi banjo, domin Hausawa ba su isa nahiyar Amurka da yawa ba sai bayan jihadin 1804, kuma yawancinsu Bahia ta Burazil aka kai su, inda suka shirya tawaye a 1807, sama da shekara ɗari bayan Sloane ya ga abin a Jamaika.

Lafazin banjo ya danne sauran ne a ƙarni na 19, sa'ad da Turawa masu wasan kwaikwayo irin su Joel Sweeney suka riƙa shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don ba da dariya a shekarun 1830, masu ƙira irin su William Boucher na Baltimore kuma suka maye gurbin ƙwarya da gewayen katako mai ƙarafan ɗaure fata. Da wannan siffa da wannan suna ya shiga Faransanci da Jamusanci da Jafananci, da su kuma ya dawo gaɓar Afirka ta Yamma, inda makaɗan juju na farko a Legas, irin su Tunde King, suka riƙa kaɗa shi a shekarun 1930.