Laburaren Jami'a: Bayan An Yanke Ribon, Wa Ke Kula Da Kayan?

A shekarun 1990, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta raba wa ɗakunan karatu na jami'o'in tarayya wata manhaja mai suna TINLIB, a ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya. Burin shi ne a sallami akwatunan katin nan na katako, ɗalibi ya danna kwamfuta ya ga kantar da littafi yake. Ba a je ko'ina ba abin ya bi ruwa a wurare da dama. Manhajar ta kamfani ce, sabunta lasisinta sai da kuɗin waje, idan ta cije kuma masu iya gyara ba su da yawa.

Bayan shekarar 2000, gidauniyoyin Carnegie da MacArthur na Amurka suka tallafa wa wasu jami'o'i, ciki har da ABU Zariya, aka koma wata manhajar, Virtua. Ita ma ta kuɗi ce. Shi ya sa yau da yawa suka rungumi Koha, wadda aka ƙirƙira a New Zealand a 1999, da DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002 don adana kundayen bincike. Dukansu kyauta ne.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kafin Koha ta yi amfani, sai an bi littattafai ɗaya bayan ɗaya: a shigar da sunan marubuci, da take, da lambar rukuni, a manna wa kowanne lambar da na'ura za ta karanta. A laburare mai dubban ɗaruruwan littattafai, wannan aikin shekaru ne. Duk wahalar nan tana zaune ne a cikin kwamfuta guda, uwar garke, a wani ɗan ɗaki da ke buƙatar sanyi dare da rana. A ɗauke wuta, batir ya mutu, faifan ajiya ya lalace, in babu kwafi a wani wuri daban, shi ke nan, an yi aikin baban giwa.

Sai matsalar mutum ɗaya. Sau da yawa ma'aikaci guda ne ya san kalmar sirri da yadda aka ɗora komai. Ranar da ya tafi ƙaro karatu, ko banki ya ɗauke shi da albashi mai tsoka, sai a zauna ana kallon kallo.

Mujallun intanet ma da dala ake biyansu, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023. Akwai sauƙi a shirin Research4Life, mai ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun lafiya da noma kyauta ko da rahusa, sai dai ɗalibai nawa aka taɓa nuna wa yadda ake shiga?

Asusun TETFund yana ware kuɗin inganta ɗakunan karatu, kuma ana ganin gine-gine da kwamfutoci jere. Su ne ke fitowa a hoto ranar buɗewa. Man janareto, da canjin batiran sola, da horar da ma'aikata ba sa fitowa, don haka su ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

Shugabannin jami'o'i, kada a ƙara sa hannu kan sayen na'ura sai an rubuta wanda zai kula da ita, da mataimakinsa, da inda kuɗin gyaranta zai fito duk shekara.