Doki da karatun yara

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san darajar doki a ƙasarmu. Shi ne abin hawan sarakuna, shi ne ƙawar ranar salla a Damagaram da Maraɗi. Amma akwai wani aiki da ake sa doki a wasu ƙasashe, wanda ba mu saba ji ba. Ana amfani da shi don taimaka wa yara su koyi karatu.

Abin ya faro ne daga wajen kiwon lafiya. Wata mata ƴar ƙasar Danmak, mai suna Lis Hartel, ta kamu da shan inna a shekarar 1944. Ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa, amma ba ta bar hawa ba. A 1952 ta zo ta biyu a gasar dawaki ta wasannin Olimfik a birnin Helsinki, alhali sai an ɗora ta bisa sirdi an sauke ta. Labarinta ya ja hankalin masu aikin lafiya. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki don naƙasassu a Ingila da Amurka. Daga baya malaman makaranta suka shigo. A 1999, a Amurka, wani mai suna Tim Farley, ɗan wani marubucin labaran doki, shi da Mark Miller suka buɗe wani shiri. Ana ba ƙananan ƴan makaranta littafi mai labarin doki. In sun yi kwanaki suna koyonsa, sai a kai su inda dawaki suke, kowane yaro ya tsaya kusa da doki ya karanta masa da murya a fili.

Mai karatu zai ce: to, doki yana jin karatu ne? Ba ya ji. Nan ma amfanin yake.

Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci ya san ranar da malami ya fara cewa ya tashi ya karanta. Baki ya bushe, harafin da ka sani jiya ya ɓace maka. Na ga magidanta masu furfura sun bar aji saboda dariyar da aka yi musu sau ɗaya. Yaro ma haka yake, har ya fi. In ya yi kuskure aka yi masa dariya ko tsawa, gobe ba zai buɗe baki ba. Wanda kuwa ba ya buɗe baki, karatunsa ba ya gaba, don karatu sai da maimaici. Doki ba ya dariya, ba ya tsawa, ba ya gaggawa. Yaro ya yi tuntuɓe a kan kalma, ya koma, ya sake, doki yana nan yana tauna harawarsa. Da haka tsoro ke raguwa.

A irin wannan koyarwa yawanci ba a hawa. Yaro yana ƙasa. Yana goge jikin doki, yana taje masa geza, yana jansa da igiya, yana ba shi ruwa. Doki dabba ce mai saurin firgita. In yaro ya zo da gudu da ihu, doki zai ja da baya. In ya zo a hankali yana magana ƙasa-ƙasa, doki zai tsaya. Ba sai an yi wa yaron wa'azin haƙuri ba, ya gani da idonsa. Kuma dabbar da ke jiran ruwa kullum tana koya masa riƙon amana.

A ganina, kada a ba doki abin da ba nasa ba. Doki ba malami ba ne. Ba ya koya wa kowa baƙi da wasali. Wannan aikin makaranta ne da na iyaye. Abin da doki ke yi shi ne cire kunya da sa sha'awa.

Mu nan ba sai mun biya kuɗi mun kai yara wani wuri ba, dabbar tana turke a bayan ɗaki. Wanda ba shi da doki yana da jaki, jaki ma ya wadatar. Uba ko uwa da suka koyi rubutu su sami guntayen kwali, su rubuta kalma ɗaya a kan kowane: sirdi, linzami, likkafa, ragama, geza, kofato, wutsiya. Yaro ya ɗauki kwali, ya karanta, ya nuna abin da kalmar ke nufi. Goɗiya da ƙafa suna da amfani ƙwarai, don a cikinsu yaro zai bambanta d da ɗ, da k da ƙ. In ya ƙware, a saya masa ƙaramin littafin rubutu. Kullum ya rubuta ranar, da yawan bokitin ruwan da doki ya sha, da tiya nawa ta dawa ko dusa aka auna. Doki yana shan lita 20 zuwa 40 a yini, lokacin bazara ya fi haka. Ga lissafi ya samu. Ran da littafin ya nuna doki ya rage shan ruwa ko cin abinci, maigida ya san lokacin neman likitan dabbobi ya yi. Kada a bar ƴan mata a baya. Riƙe kwali da karantawa ba aikin maza kaɗai ba ne.

Sai dai a yi hattara. A zaɓi doki mai sanyin hali, tsohuwar goɗiya ta fi ingarma, amma ba goɗiya mai shayar da dukushi ba. A ɗaure shi a turke, babba yana tsaye kusa. Doki yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke bayansa daidai, ko wanda ke dab da goshinsa. Don haka yaro ya tunkare shi ta wajen kafaɗa yana yi masa magana, kada ya bi ta bayansa. In doki ya kwantar da kunnuwa baya, fushi yake, a janye yaro. In za a ba shi abinci a hannu, a buɗe tafin hannu sarai.

Yaro ya sa takalmi, ya wanke hannu da sabulu in an gama. Ƙwayar cutar tetanos, wadda ke sandare jiki ta ƙulle haƙora, tana zama cikin ƙasa da kashin doki, tana shiga ta rauni. Allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariya daga wannan cuta. A duba katin yaro. In ƙusa ko ƙarfe ya soke shi a wurin turke, a wanke raunin da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita a ranar.