Kakin Zuma a Ɗakin Tiyata: Yadda Ake Tsayar da Jini a Aikin Ƙashin Baya

Tsakanin kusan kowane ƙashin gadon baya da na kusa da shi akwai wani faifai na guringuntsi mai kama da matashi. Idan ya fashe ya danne jijiya, ciwo yakan sauka ƙafa ko hannu. Yawancin mutane suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba. Amma idan aiki ya zama dole, likita yakan ɗan kankare ƙashi kafin ya isa ga faifan.

Ƙashi abu ne mai rai, cikinsa kamar soso yake. Idan aka yanke shi, jini yana tsattsafowa daga ƙananan ramuka, ba kuwa a iya ɗaure su da zare. A shekarar 1892 wani likita a Ingila, Victor Horsley, ya bayyana dabarar haɗa kakin zuma da man almon ana toshe ramukan. Har yau ana amfani da irin wannan kakin, wanda aka tsabtace a masana'anta.

Sai dai kakin ba ya narkewa a jiki, kuma yana hana sabon ƙashi tsirowa. Idan ana son ƙasusuwa biyu su haɗe, ba a shafa shi a mahaɗar. A nan dashen ƙashi ake sawa, sau da yawa daga ƙugun majiyyacin. Idan kuwa faifan roba da ƙarfe aka sa a wuya, ƙashin da ya tsiro barkatai zai iya hana shi motsi, don haka wasu likitoci suna shafa kakin da gangan.

Akwai kuma soson jelatin, wanda jiki ke shanyewa cikin mako 4 zuwa 6. Akasari daga fatar alade ake yinsa. Wanda hakan ya dame shi ya faɗa wa likita kafin aiki, domin akwai wata ƙyalle mai narkewa da ake yi daga itace.

Me ya rage gare ku?

Ku faɗa wa likita duk maganin da kuke sha, musamman asfirin da na gargajiya. Ku bar taba, domin tana hana ƙashi haɗewa. Kada ku sayi maganin ciwo a kasuwa bayan aiki: diklofenak da ire-irensa suna iya jinkirta haɗuwar ƙashi.

Idan ƙafa ta yi rauni, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, zazzaɓi ya taso, ko miki ya fara ruwa, ku dawo asibiti a ranar. Kada ku jira gari ya waye.