Hutun da ke kayar da tsofaffi

A ƙasar Hausa, in mutum ya manyanta, abin da ƴaƴan kirki suke fara yi masa shi ne su karɓe masa aiki. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram ɗa yakan karɓi hauya daga hannun mahaifinsa, ya ce masa: "Baba, ka huta, mun isar maka." Tsohuwa kuma, da zarar an kawo amarya gidan, sai ta rabu da taɓarya da guga, a shimfiɗa mata tabarma a inuwa. A Yamai da Tawa, ma'aikacin gwamnati da ya yi shekara 30 bisa kujera, ran da ya ajiye aiki sai ya koma bisa wata kujerar a ƙofar gida. Duk wannan girmamawa ce, kuma babu mai hankalin da zai kushe ta. Sai dai binciken da likitoci suke yi tun shekarun 1980 ya nuna cewa hutun nan, in ya yi yawa, shi ne yake gaggauta raunin da jama'a suke ɗora wa tsufa laifinsa.

Tsoka ita ce naman da ke jan ƙashi har gaɓa ta motsa. Daga wajen shekara 30 da haihuwa, mutumin da ba ya aikin ƙarfi yana asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara 10, kuma bayan shekara 60 asarar tana ƙara sauri. Ƙarfi ma ya fi girman tsokar saurin raguwa. Zaruruwan tsoka masu zafin nama, waɗanda suke tare mutum in ya yi tuntuɓe, su ne suke fara tafiya. A shekarar 1989 wani likita na jami'ar Tufts a birnin Boston ta Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan ramewa suna sarkofeniya, kalmar da aka haɗa daga Girkanci mai nufin ƙarancin nama. Alamunta kuwa kowa ya san su: dattijo ba ya tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ɗagowa daga sujada ta zama aiki har ya koma yin salla a zaune, tsugunno a makewayi ya gagara, hawa mota ko amalanke sai an kama shi. Ƙiba ba ta hana ta, domin akwai masu tumbi da kitse ya rufe musu cinyoyin da suka riga suka zube.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin abin da ba shi da magani. Likitoci da kansu suna tsoron sa tsoho ya ɗaga nauyi, kada zuciya ta tsaya ko ƙashi ya karye. Wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka ga ya kamata a gwada, suka kuma buga sakamakon gwajin a shekarar 1990. Sun shiga wani gidan kula da tsofaffi a Boston, suka zaɓi mutum 10, maza da mata, ƙaraminsu yana da shekara 86, babbansu 96. Ba masu ƙoshin lafiya ba ne: yawancinsu suna fama da ciwon gaɓoɓi ko na zuciya ko hawan jini, kuma akasarinsu sun sha faɗuwa.

Aikin da aka ba su ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya zauna, a haɗa ƙafarsa da wani nauyi, ya miƙe gwiwa ya ɗaga, ya sauke a hankali. Sau 8 a jere, a huta, a sake, har zagaye 3, kwana 3 a mako, tsawon mako 8. Abin da ya bambanta wannan gwaji da yawancin na baya shi ne girman nauyin. An auna abin da kowane tsoho zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, sa'an nan aka ɗora masa kashi 80 cikin 100 na wannan, ana kuma ƙarawa yayin da ƙarfinsa yake ƙaruwa. Mutum 9 suka kai ƙarshe. Ƙarfin cinyoyinsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, wato ya kusa ninkawa uku. Kaurin tsokar cinya ya ƙaru da kashi 9. Biyu daga cikinsu suka ajiye sanda, kuma ɗaya daga cikin mutum 3 da ba sa iya tashi daga kujera sai sun dafa hannuwanta ya koma tashi ba dafawa.

Mai karatu zai yi tambaya: yaya ƙarfi zai ƙaru haka alhali naman kaɗan ya ƙaru? Dalili shi ne, a makonnin farko jijiyoyin da ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka su ne suke farfaɗowa, su koyi tayar da zaruruwa masu yawa a lokaci guda. Naman yana biyo baya sannu a hankali. Saboda haka tsoho yakan ji sauƙin tashi tun kafin ido ya ga wani canji a jikinsa.

A 1994 likitar nan ta sake gwajin da mutum 100, masu shekara 72 zuwa 98, tsawon mako 10. Wannan karon an raba su kashi huɗu: masu ɗaga nauyi, masu shan wani abinci na musamman mai gina jiki, masu yin duka biyu, da waɗanda ba a ba ko ɗaya ba. Masu ɗaga nauyi ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 113 cikin 100, ƙarfin hawa matakala ya ƙaru da kashi 28. Waɗanda aka ba abincin kaɗai ba su sami ƙarin ƙarfi ba. Wannan magana ce ga ma'aikatan da suke aika wa iyayensu gwangwanayen madara da kwalaben ƙarin jini kowane ƙarshen wata, suna kuma hana su ɗaukar ko da buta. Tsokar da ba a sa ta aiki ba, ba ta karɓar abin da aka ba ta.

Kwanciya ta fi zama muni. A 2007 masu bincike a jihar Arkansas ta Amurka sun kwantar da dattawa masu lafiya, matsakaicin shekarunsu 67, kwana 10 bisa gado, ana ba su isasshen abinci. Da suka tashi, a matsakaici kowannensu ya yi asarar kusan kilo 1 na naman ƙafafu, ƙarfin gwiwa kuma ya ragu da wajen kashi 16 cikin 100. Kwana 10 ke nan, ga mai lafiya. To, ina ga tsohon da masassarar cizon sauro ko aikin tiyata ya kwantar da shi mako 3? Sau da yawa akan ji an ce wane tun da ya kwanta ciwo bai ƙara tashi ba, alhali ciwon ya warke, ƙafafun ne suka tafi. Masu jinya su sani cewa da zarar likita ya yarda, zaunar da majinyaci bakin gado, da tayar da shi tsaye, da taka masa zuwa ƙofar ɗaki, suna cikin magani.

Abin da ake gudu a ƙarshe shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 suke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. Karayar ƙugu ga tsoho babbar masifa ce ko a inda gidan likita yake kusa, balle a ƙauyen da sai an yi tafiyar yini kafin a kai ga mai tiyata. A jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an tsara wani atisaye da tsoho zai yi a cikin ɗakinsa, da ɗan nauyi ɗaure a idon sawu, tare da koyon tsayuwa daram. An gwada shi ga mutum fiye da 1,000, aka ga faɗuwa ta ragu da kashi 35 cikin 100. Ƙashi ma yana amsawa: a wani gwaji da aka yi a Ostareliya ga mata 101 da jinin al'ada ya ɗauke musu, masu ƙashi marar ƙwari, ɗaga nauyi na minti 30 sau 2 a mako har wata 8 ya ƙara ƙwarin ƙashin bayansu da kusan kashi 3 cikin 100, yayin da na sauran matan ya ci gaba da raguwa. Masu ciwon sukari kuma su lura: tsoka ce take kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, don haka raguwarta tana ƙara wa ciwon ƙarfi.

Manomi zai ce shi wannan magana ba ta shafe shi ba, tun da yana noma. Yana da gaskiya a damina. Amma damina wata 3 ce zuwa 4, kuma bayan an kai hatsi rumbu dattijo yakan yi sauran shekara a gindin bishiya, abin da ya tara ya zube kafin ruwa ya sake sauka. Tafiya kasuwa da masallaci tana da amfani ga zuciya ƙwarai, sai dai ba ta nauyaya wa tsoka yadda za ta ginu. Ba kuwa ana nufin a mayar da tsofaffi cikin rana su yi ta wahala ba. Tsohon da talauci ya sa yake aikin ƙarfi daga safe zuwa yamma da ɗan kunu a ciki, shi ma ramewa yake yi. Abin da tsoka take bukata aiki ne mai ɗan nauyi na gajeren lokaci, sa'an nan abinci, sa'an nan hutu.

A ƙa'idojin da OMS ta fitar a 2020, an shawarci duk wanda ya kai shekara 65 ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana 2 a mako, ya kuma yi atisayen tsayuwa daram kwana 3. Ba sai an sayi ƙarafa irin na ƴan wasa ba. Mafi amfani shi ne tashi da zama bisa kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, hannuwa a ƙirji. Wanda bai iya ba ya fara da dafawa, ko da kujera mai tsawo. Wanda ya ga ya yi masa sauƙi ya rungumi ƙaramin buhun rairayi. Bayan wannan sai tura bango da hannuwa biyu, da ɗagawa bisa yatsun ƙafa ana riƙe da bango, da hawa da sauka bisa dakali. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, saboda haka jarka mai lita 5 ta isa damtse da kafaɗa, ana ƙara ruwan kaɗan kaɗan. Ma'aunin shi ne nauyin da mutum zai ɗaga sau 8 zuwa 12, na ƙarshen ya ji shi sosai. A yi zagaye 2 ko 3, a bar kwana guda tsakani. Ran da 12 ta zama wasa, sai a ƙara nauyi. In ba a ƙara ba, ƙarfi ya tsaya nan.

Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa, domin yana sa jini ya hau. A fitar da iska lokacin da ake yunƙuri. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, musamman a watannin Afrilu da Mayu, a kuma sha ruwa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, ko suka mai tsanani cikin gaɓa, suna nufin a tsaya nan take a nemi likita. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su fara zuwa gidan likita kafin su soma.

Game da abinci, masana sun shawarci dattijo ya sami giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato sinadarin da ke gina nama, ga kowane kilo na nauyin jikinsa a yini. Mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6, busasshen wake giram 100 yana ba da fiye da 20. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da kifi da awara da fara duk suna cikin kasuwanni. Matsalar ita ce haƙora: tsohon da ba ya iya tauna akan bar shi da kunu da koko zalla. A dafa masa wake ya yi laushi, a yi masa alala, a yawaita nono cikin furarsa, a kuma raba abincin sau 3 maimakon a tara shi da dare. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne ba zai ƙara furotin ba sai da izinin likita.

Iyali suna iya auna tsohonsu da agogo. Ya zauna bisa kujera, ya tashi ya zauna sau 5 ba tare da dafawa ba. Wani kwamitin likitocin Turai ya tsayar a 2018 cewa wanda ya wuce daƙiƙa 15 ƙarfin ƙafafunsa ya yi ƙasa, yana bukatar kulawa. A rubuta lokacin a takarda, a sake aunawa bayan wata 2 na atisaye. A kuma ci gaba ko an ga sauƙi: tsofaffin nan na Boston, da aka dakatar da atisayensu mako 4 kacal, sun yi asarar kashi 32 cikin 100 na ƙarfin da suka kai.