Fiɗiyar 'Ya'yan Alade: Wa Ya Ce Ɗan Kwana Uku Ba Ya Jin Zafi?

Tun daga 1 ga Janairun 2021 doka ta haramta wa makiyayan Jamus fiɗiye ɗan alade ba tare da an kashe masa zafi ba. Faransa ta bi sahu a 2022. Sai dai dokar Tarayyar Turai har yau ta bar ƙofa a buɗe: muddin ɗan aladen bai wuce kwana 7 ba, ana iya sa masa wuƙa idonsa biyu.

Dalilin fiɗiyar ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya taɓa cin naman gardin bunsuru ya san hamamin da babu yajin da ke rufe shi. Haka wasu mazan aladu suke in sun balaga: sinadarai biyu, androstenon da skatol, na taruwa a kitsensu, da an ɗora naman a wuta sai wari ya tashi.

Abin da ke ci mini rai shi ne hujjar da ake fakewa da ita, wai jariri bai san zafi ba tukuna. A riƙe shi ta ƙafafun baya, kai a ƙasa, a tsaga fata, a zaro maraina, a yanke jijiyar da ke riƙe da su. Masu bincike sun auna kukansa, suka ga ya fi tsanani daidai lokacin da ake jan jijiyar nan, sinadarin firgici kuma ya hauhawa a jininsa. Bayan haka yakan koma gefe yana rawar jiki, ya rage kama nono. Ƙanƙantarsa sauƙin riƙewa kawai ta kawo wa mai wuƙar.

Kuma akwai mafita. A Birtaniya da Ayilan galibi ba a fiɗiyar, ana yanka su kafin su gama balaga. Akwai rigakafin Improvac, allura biyu da ke sa garkuwar jikin dabbar ta dakatar da aikin maraina. Masu cewa tana raunana mazakutar wanda ya ci naman ba su da hujja, domin ba homon ba ce.

Jan ƙafar mahukunta ne ya tsawaita wahalar. A 2010 masu ruwa da tsaki a harkar alade a Turai suka yi alkawari a Brussels za a daina fiɗiyar wuƙa kafin 2018, shekarar ta zo ta wuce. Jamus ma 2019 ta tsayar da farko, majalisa ta ƙara shekara biyu, alhali a lokacin ana fiɗiye 'ya'yan alade kusan miliyan 20 duk shekara a ƙasar.

Yawancinmu ba ma cin alade, amma muna dandaƙe bunsuru da rago da ɗan maraƙi, a kudancin Kaduna kuma kiwon alade sana'a ce babba. Duk mai niyyar fiɗiya ya nemi likitan dabbobi, ya biya kuɗin allurar kashe zafi kafin a taɓa dabbar.